Ɓargon Baba

Mahaifina mahauci ne a kasuwar Tudun Wada, kuma tun ina ƙarama na san yana da wata ɗabi'a da sauran mahauta ke yi masa dariya a kanta. Duk saniyar da ya sayo a wurin Fulanin Doguwa, in an yanka, ba ya bari a kasa naman sai ya fasa ƙashin ƙafa ya duba ɓargo. In ya fito fari, a daskare kamar man shanu, sai ya ce a ci gaba da aiki. In kuwa ya fito ja-ja, ruwa-ruwa, yana rawa a bakin wuƙa, sai ya goge hannu ya ce, "Wannan ta daɗe da ƙarewa, tafiya kawai take yi." Ba zai sayar wa kowa naman ba.

Ni ce babbar 'yarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata, ni kuma nake yi masa faɗa kamar da gaske ni na haife shi.

Ciwon ya fara ne da gajiya. Mutumin da ke saɓa cinyar saniya a kafaɗa ya koma haki in ya ɗauki buta. Tafin hannunsa ya yi fari fat, in ya yi asuwaki sai jini. Sau uku ana yi masa ƙarin jini a asibitin garinmu, kowane karo bayan 'yan kwanaki sai ka ce ba a yi ba. Daga nan suka tura mu babban asibiti a Kano.

Likitan jini ya ce a cikin ɓargo ake yin jini, saboda haka sai an ɗebo na Baba an duba. Na ce, "Ɓargo? Na mutum mai rai? Haba likita!" Baba ya ce, "Uwata, yi shiru. Ai ya yi daidai, nan ake dubawa."

Aka kwantar da shi a gefe ɗaya, aka kashe wurin da allura, sannan likita ya murɗa wata allura mai kauri cikin ƙashin ƙugunsa ta baya. Wallahi ni ce na yi ƙara, ba shi ba. Abin da aka zuƙo kaɗan ne, ja kamar jini. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta ɗiga shi a kan ƙananan gilasai ta shafe. Ta ce za a rina su a duba a ƙarƙashin madubin gwaji, mu dawo bayan kwana goma.

Sai Baba ya ce, "'Yata, a nuna mini mana."

Ta ɗaga gilashi ɗaya wajen hasken taga. Ya daɗe yana kallo, da irin kallon nan da na sani tun ina yarinya. Sai ya ce, "To. Na gode."

Kwanakin nan goma ban ji daɗinsu ba ko kaɗan. Baba ya wasa wuƙaƙensa ɗaya bayan ɗaya, ya naɗe su a tsumma ya ba ƙaninsa. Ya aika wa wani Bafulatani amininsa cewa bijimin da ya keɓe masa, ya ba wani. Raina ya ɓaci, na ce, "Baba, wai mene ne haka? Sakamako ko fitowa bai yi ba!" Ya ce shi gyara kawai yake yi.

Ranar ta zo, na tafi ni kaɗai. Likita ya ce miyagun ƙwayoyi sun cika ɓargon, sun hana jini mai kyau wurin fitowa. Sankarar jini ce, kuma ta yi nisa. Za a gwada magani, amma bai yi mini alkawarin komai ba. Na tambaye shi ko mutum zai iya gane wannan da ido kawai. Ya ce a'a, ko shi ba zai iya ba sai da madubi.

Da wannan maganar na riƙe kaina a mota. Ai Baba bai sani ba, zato kawai yake yi. Kafin mu wuce Kwanar Ɗangora na gama shirya ƙaryata tsaf.

Na same shi bayan la'asar a kan tabarma a gindin dalbejiya. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, alhamdu lillahi, sun ce ƙarancin jini ne kawai."

Ya dubi jakata, inda takardar sakamakon take, sannan ya dube ni.

"Uwata, tun ba a haife ki ba nake fasa ƙashi. Na taɓa sayar wa wani abin da na san ba shi da kyau?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To ke ma kada ki sayar mini. Zauna nan ki gaya mini yadda suka ce. Na san tafiya kawai nake yi, so nake in ji saura nawa."