Asibitin da Baba Ya Zaɓa

Mahaifina ya tsufa yana sayar da goro a Sabo, amma bai taɓa yarda cewa zama ya zo yi Ibadan ba. In ka tambaye shi sai ya ce fatauci ne. A nan ya yi aure, a nan aka haife mu, duk da haka ko kujerar kirki ba ya saya, wai wa zai ɗauke ta ranar komawa. Haka tsofaffin unguwarmu suke, kuma abin ya daɗe yana ba ni haushi.

Da ƙungiyar 'yan goro ta kawo ma'aikatan inshorar lafiya ta gwamnati, aka ce kowa ya zaɓi asibiti ɗaya da zai riƙa duba shi. Baba ya zaɓi na garinsu a Arewa, inda rabonsa da zuwa tun rasuwar kakarmu. Ya ce ai a can ciwon tsufa zai same shi. Har dariya muka yi masa.

Sai ciwon suga ya buɗe masa gyambo a ƙafa, babban yatsa ya yi baƙi. Muka kai shi babban asibiti a keke mai ƙafa uku. Likita ya ce a kwantar da shi nan take, in ba haka ba ruɓar za ta shiga jini. Na nufi ofishin inshora da katinsa, hankalina kwance. Matar da ke wurin, wata Bayarabiya, ta yi mini bayani a tsanake: inshora ba ta biyan kwanciya sai in asibitin da mutum ya zaɓa ne ya turo shi. Sauya asibiti kuwa ba aikin yau ko gobe ba ne. Na ɗaga mata murya, ta yi ta ba ni haƙuri da Yarbanci. Na san ba laifinta ba ne.

Wani ɗan baffanmu ya je asibitin na can. Suka ce ba su taɓa ganin ƙeyar mutumin ba, ba za su tura majinyacin da ba su duba ba.

Na ce mu sayar da huhunan goron mu biya da kanmu. Baba ya ƙi, ya ce amanar mutane ce. Dattawan masallaci suka goya masa baya, suka ce a kai shi gida, can katin zai yi aiki, ga kuma dangi.

Na ce, "Baba, ƙafar nan ba za ta kai can ba."

Ya ce, "In ita ba ta kai ba, ni zan kai."

A tashar mota ta Ojoo muka kama masa kujerar baya, na ɗora ƙafar a cinyata. Fasinjoji na toshe hanci. Kafin Ilorin zazzaɓi ya rufe shi. Mun haye gadar Jebba da kaɗan na ji jikinsa ya saki.

Mutanen wani ƙauye a bakin titi ne suka yi masa wanka da sallah, Allah ya saka musu. A gefen wata gonar dawa aka sa shi. Bayan damina na kai mahaifiyarmu ta ga wurin. Muka iske an nome ko'ina. Ta tambaye ni ta ina za ta tsaya, na rasa inda zan nuna mata.