Ranar da Motar Kawu Ta Shiga Gonar Dawa

A shekarar da na fara koyarwa a firamaren garinmu, damina ta yi jinkiri har sai da aka fita roƙon ruwa. Liman ya ja mu bayan gari, aka yi addu'a har tsofaffi suka yi hawaye. Allah ya amsa. Ya amsa ƙwarai kuwa, don da marka ta kankama sai da muka manta kamannin rana.

A cikin wannan marka ne Inna, mahaifiyata, ta ce za ta je barkar haihuwa Rijiyar Zaki, ni kuma na raka ta. Motar da za mu shiga ba sai an tambaya ba, ta Kawu ce, ƙanin Inna, wanda ke jan wata tsohuwar bas tsakanin garinmu da bakin birni. Kawu mutum ne mai son a san shi direba ne. Ko masallaci zai shiga sai ka ji makullai na kaɗawa a aljihunsa. Motar ba ta da aibun da za a iya faɗa a gabansa, amma kowa ya san waifarta ta daina share gilashi tun bara. Tsumma yake ajiyewa a gefen sitiyari, in ruwa ya sauko sai ya zura hannu ta taga ya goge daidai wurin idonsa.

Lafiya lau muka je. A dawowa ne, bayan la'asar, muna wuce Ungogo, sama ta yi baƙi ƙirin, ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ina gidan gaba kusa da Kawu, Inna na bayansa tare da sauran fasinja, ciki har da wata tsohuwa mai sayar da daddawa da ta rungume kwandonta a cinya.

Na ce, "Kawu, ko mu tsaya ya ɗan tsagaita?"

Ya ce, "Malam, kai alli ka sani, ni hanyar nan na sani. Ko an ɗaure min ido zan kai ku gida."

Kusan haka ɗin ma aka yi, don ban da farin ruwa ba abin da ake gani a gilashin. Muna shan kwanar da ke kusa da kwalbati sai ga adaidaita sahu a tsakiyar titi, ba fitila, ya kauce wa rami ya shigo hannunmu. Ni dai na runtse ido na kama salati. Na ji Kawu ya taka birki, na ji motar ta juya kamar ana murza ta, na ji ƙara daga baya, sai kuma karan dawa na dukan gilashi. Da na buɗe ido muna tsakiyar gonar wani, mota ta kafe a taɓo, adaidaitan na kwance a gefenmu tayarsa na juyi.

Muka fito ɗaya bayan ɗaya, kowa na shafa jikinsa. Mutanen gidajen da ke kusa suka fito da buhuna a ka, suna sannu. Aka tambayi kowa, kowa ya ce alhamdu lillahi, ba abin da ya same shi. Mai adaidaitan, wani saurayi dogo daga ƙauyen da ke gabanmu, ya yi ta zagaya kekensa da gudu yana kururuwa, a kan ƙafafu biyu masu cikakkiyar lafiya. Daddawa kuwa ta watse a cikin motar, har gida warinta ya raka mu. Inna ta gyara mayafinta, muka taka zuwa gida cikin ruwa.

A ranar ne wani ɗalibin jami'a da ya zo hutu ya zauna a teburin mai shayi, ya yi wa jama'a bayanin cewa a doka duk direban da aka samu da laifi shi zai biya wanda ya ji rauni, in kuma yana da inshora to abin ba a magana. Bai san Kawu ba. Inshorar Kawu ita ce addu'ar da aka rubuta a bayan motar. Amma magana ta riga ta fita, kuma kafin gari ya waye raunuka sun tsiro kamar ciyawar damina.

Da hantsi aka taru a ƙofar gidan dagaci. Mai adaidaita ya iso da sanda yana ɗingishi, mutum biyu na riƙe da shi. Tsohuwa mai daddawa ta zo da haƙori ƙulle a bakin zani, haƙorin da duk garin ya san yana girgiza tun ina ɗan makaranta. Akwai kuma wani bawan Allah da ya naɗe wuyansa da rawani, wanda na yi ta tunani ban tuna na gan shi a motar ba. Da aka tambaye shi sai ya ce shi ba fasinja ba ne, yana fake a gindin mangwaro ne, ƙarar ta sa ya waiga da ƙarfi wuyansa ya sage. Mai gonar ma yana nan, ya zo da karan dawa a hannu don shaida.

Dagaci ya ce Kawu ya fara. Kawu ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, tun yaron nan bai san hanyar makarantar allo ba nake kan titin nan. Hannuna nake, ya shigo min."

Mai adaidaita ya ce, "Ranka ya daɗe, rami na kauce wa. Shi kuma Baba da hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan na waje yana wankin gilashi."

"Kai ina fitilarka?"

"Baba, kai ina waifarka?"

Suka yi ta yi har kowa ya gane cewa in aka ci gaba, dukansu za su kwana a ciki. Su ma suka gane. Sai Kawu ya sassauta murya ya ce in za a faɗi gaskiya laifin na ruwa ne, don irin wannan ruwa ko sabuwar mota sai ta zame. Mai adaidaita ya ce wallahi Baba ya yi gaskiya. Nan take suka zama 'yan'uwa.

Mai gona ya ga dawarsa na shirin tafiya a banza. Ya ce, "To in ruwa ne mai laifi, ai akwai wanda ya kira shi."

Duk aka juya aka kalli Liman, wanda ke zaune gefen dagaci yana jan carbi, bai san da shi za a yi shari'ar ba. Ya ɗago ya ce, "Ni don gonaki na roƙa, ban ambaci kwalta ba. Kuma duk kun ce amin. Kai mai gona a bayana kake tsaye, amin ɗinka har yanzu tana kunnena."

Da dariya ta lafa, dagaci ya ce a kira shaida. Ni ne a gidan gaba, ni ne kuma malamin makaranta, saboda haka kowa ya gyara zama. Kawu ya kalle ni irin kallon da ke tuna wa mutum wanda ya saya masa keken farko.

Dagaci ya ce, "Malam, me ka gani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ga komai ba. Idona a rufe yake."

"Kafin ka rufe fa?"

"Kafin nan ma ba a ganin komai."

Dagaci ya jinjina kai ya ce, "Direba ba ya gani, shaida ba ya gani, wancan kuma ba ya son a gan shi. Ikon Allah ne kawai ya sa muke zancen nan da ku."

Ya yanke cewa laifin na su biyu ne, tunda ruwa bai hana kowa tsayawa ba. Kowa ya gyara abin hawansa, su haɗu su ta da dawar da za ta tasu, wadda ta karye su biya da hatsi in kaka ta yi. Masu rauni kuwa, ya ce haƙƙinsu ne a yi musu magani, kuma tun da safe ya aika a kira mai ɗori.

Mai ɗorin yankinmu tsoho ne gajere mai hannu kamar na maƙeri. Aikinsa na da kyau, amma in yana yi ana jin ihun har ƙauyen gaba. Ya iso ya shimfiɗa buzunsa, ya naɗe hannun riga, ya nemi ƙarti huɗu su danne masa wanda za a fara da shi. Mai adaidaita ya ce gaskiya tun da ya zauna a inuwar nan ya ji ƙafar ta saki. Mai rawani ya waiga hagu ya waiga dama, ya ce Allah mai iko, ashe iska ce. Tsohuwa kaɗai ta tsaya a kan bakanta, don ta san mai ɗori ba ya taɓa haƙori. Kawu ya biya ta daddawarta, ya kuma ɗauki alkawarin kai ta kasuwa kyauta har ƙarshen damina. Ita kaɗai ta ci shari'ar.

Muka koma gida ina ba Baba, mahaifina, labari yana dariya. Bayan magariba aka kawo tuwo. Baba ya kai loma ɗaya ya tsaya, ya sake gutsura ya duba. Gudaji ne a ciki, abin da ban taɓa gani a tuwon Inna ba. Ya tashi ya shiga ciki, na bi shi. Muka same ta zaune a bakin murhu, hannun dama a cikin mayafi. Da ƙyar ta yarda ta fito da shi. Wuyan hannun ya kumbura ya yi sumtum, har awarwaro ya nutse. Da hagu ta tuƙa tuwon.

Baba ya ce, "Tun jiya kike da wannan kika yi shiru?"

Ta ce, "Malam, masu lafiya ma sun taru a kan ƙanina, sai ni kuma in ƙara masa?"

Aka aika wa Kawu. Ya shigo da saurinsa, ya ga hannun, ya durƙusa a gabanta. Ya ce, "Yaya, ki faɗi abin da zan biya."

Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri. Da me za ka biya, da tsumman?"

Washegari ya ari motar wani abokinsa muka kai ta asibiti, tafiya yake kamar ya ɗauko ƙwai. Hoto ya nuna ƙashin ya tsage, aka sa mata filasta. Duk tsawon jinyar, daga gidan Kawu ake kawo mana abinci, shi da kansa yake ɗauko kwanukan.

Hannun ya warke, sai dai ya bar mata wani abu. Duk lokacin da ruwa zai sauko, tun kafin hadari ya haɗu, wurin yakan fara mata tsami. Da ta ji sai ta ce in kira mata Kawu a waya. Ba ta gaisuwa, sai dai ta ce, "Kana ina? To ka nemi wuri ka tsaya." Na sha wucewa a kan babur in tarar da motar Kawu a gefen titi, rana na ƙwallewa, fasinja na masifa, shi kuma yana zaune a kan dutse yana kallon gabas. In suka matsa masa sai ya ce injin ne ya ɗau zafi.