Malam Labaran da Gaurakan Ruma

Da an idar da sallar asuba Malam Labaran ba ya komawa barci. Sai ya ɗauki ɗan burushinsa da ƙullin kafur ya nufi ɗakin kimiyya na makarantar da yake aiki a Safana. Can zai bi tsuntsayensa ɗaya bayan ɗaya yana shafa su daga kai zuwa wutsiya, yana duba ko asu ya yi masa ɓarna. Matattu ne, ya feɗe su, ya cusa musu auduga, ya tsayar da su da waya kamar yanzu za su tashi. Ga fakara, ga burtu, ga zabon daji. Bai taɓa harbin ko ɗaya ba, wanda aka tsinta a mace ake kawo masa.

An yi masa dariya har an gaji. Wasu su ce mai gadin mushe, wasu su ce gumaka yake tarawa. Ya bar su da bakinsu. Abin da ya sani shi ne 'yan bindiga sun raba yaranmu da dajin Rugu, yaro sai ya girma bai san kukan gauraka ba, balle kamanninsa. To ina laifin wanda ya ce sai sun gani?

Aikin kuwa ba wasa ba ne, don gashin tsuntsu ba ya jira. Ka bar gawa ta sha rana, ko ka ƙulle ta a leda ta yi gumi, da ka taɓa gashin zai biyo hannunka. Shi ya sa duk wanda ya kawo masa tsuntsu a leda sai ya sha faɗa kafin ya samu godiya. Da sanyin safiya yake fiɗa, ya kankare kitse tas, ya barbaɗa garin masara ya tsotse jini, ya shafe fatar da alif, ya kwantar da kowane gashi inda Allah ya dasa shi.

Shekarun baya, yana koyarwa a wata ƙaramar makaranta a yankin Ruma, wani makiyayi, Salmanu, ya tsinci gauraka a mace a fadama, ya naɗo shi a ɗanyen ganye ya kawo masa. Malam Labaran ya gyara shi, tukkun nan na kansa tsaye cak, ruwan zinariya kamar zangarniya. Ba a daɗe ba aka kawo hari ƙauyen da ke kusa, gari ya watse, aka rufe makaranta.

Shafi'u direban a-kori-kura shi ke kwasar mutane zuwa Batsari. Ya ce a jefa tsuntsun bisa buhuna a tafi. Malam Labaran ya ƙi, ya ce kafin a kai gari iska ta fige shi kamar kazar miya.

"Malam, ana gudun ceton rai kana zancen gashi?" in ji Shafi'u. "Daga wannan fa ba wata mota."

"Sun kwashe shanu, sun kwashe hatsi, sun hana mu daji," in ji Malam Labaran. "Wannan kam ba zan bar musu ba, kuma ba zan kai shi tsirara ba."

Ya sa iyalinsa a mota, matarsa A'isha tana kuka ta miƙo masa zane. Ya kwantar da gaurakan cikin babban kwando, ya lulluɓe, ya ɗora a kai, ya kama 'yar hanyar ƙafa. Waɗanda suka haɗu da shi sun ce tsoro ya ji shi ma, duk ƙarar babur sai ya faɗa cikin dawa ya lafe, amma kwandon bai taɓa karkata ba. Da la'asar ya iso Batsari ƙafafu a kumbure. Ya buɗe, 'yan ƙananan gashin wuya sun zuba, tukku kuwa lafiya lau. Wallahi sai da ya yi ta mita kan na wuyan nan har aka ba shi haƙuri.

Kai ne wannan, Malam Labaran, gagara gasa, mai taurin kai inda ya dace. Yanzu da za ka yi ritaya, mun gode, Allah Ya saka da alheri. Malaman da ke tasowa, ku je ku zauna gabansa ku koyi hannun nan tun yana da ƙarfin nuna muku. Asu ba ya ritaya.

Wanda har yanzu ke tambayar amfanin abin, da ma ya zo ranar da Baba Tayyiba ta shigo ɗakin kimiyyar nan na Safana, inda gaurakan yake yanzu. Tsohuwa ce da ta gudo daga Ruma, ta riƙo jikarta Mahfuza wadda aka haifa a gudun hijira. Yarinyar ta tsaya gaban gauraka ta tambaya wai da gaske akwai irin wannan. Tsohuwar ta share ido da bakin mayafi, ta matso da ita kusa.

"A fadamarmu suke sauka," in ji ta. "Dube shi da kyau, don ranar da muka koma gida ki gane shi."