Ranar da Kaka Ta Daina Taɓa Ganye

Ni mutum ne da ya saba lissafa abin da aka zuba kafin a shiga ciniki, to bari in lissafa maka abin da aka zuba a wannan. Tsohuwa ɗaya, kakata ta wajen uba. Jikoki biyu, ni da ƙanwata. Sai abin da ke cikin kan tsohuwar: sunan kowace bishiya ta ƙasarmu, da wadda ake ci, da wadda ake jiƙawa a sha, da wadda ba a zama a inuwarta. Ba ta iya rubutu ba, kuma mu kaɗai ne jikokin da ke gabanta.

Ina ɗan shekara tara Umma ta cire mu daga makaranta, bayan na yi ta dawowa da yagaggiyar riga na ƙi faɗin wanda ya yaga. Ta mayar da teburin cin abinci na flat ɗinmu a unguwar Stratford, cikin London, ya zama aji. A shekarar ne aka kawo Kaka London a duba mata gwiwa, ta zauna tare da mu.

Duk Talata, iyalan da ke karantar da 'ya'yansu a gida sukan haɗu a wani daji can ƙarshen layin tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Wata Baturiya ce malamar. Tana koya mana hura wuta da jiƙaƙƙen itace, da ɗaga kututture a ga halittun da ke ƙarƙashi. Umma ta yi mana booking don mu sha iska. Kaka ta ce ita ma za ta, ta gaji da kallon bango.

Har yau ina jin warin ruɓaɓɓen ganye da hayaƙin nan. A gida Kaka ko lift ba ta shiga ita kaɗai, amma a daji, da kwat ɗin Baba a kan zanenta da safa biyu, sai ta zama wata. Ta tsinki ganye, ta murza, ta shinshina, ta ɗan taɓa a harshe.

"Wannan ɗan'uwan marke ne," in ji ta. Daga nan sai labarin marke, da kanya, da ƙirya, da sabara. In na amsa da Turanci ta ja kunnena. "Amsa min da bakin ubanka, mijin banza. Wa zai aure ka haka?"

Tana da doka ɗaya da ta ce uwarta ta ba ta: a kalli tsuntsu. Abin da ya ci bai faɗi ba, ɗan Adam zai ci.

Wata Talata, lokacin da ganye ke zuba, muka tsaya a gindin wata bishiya mai duhu, ganyenta siri-siri, tana da jajayen 'ya'ya masu taushi. Tsuntsaye sun cika ta suna ci. Kaka ta daɗe tana kallonsu. Ta tsinki ɗaya ta ɗanɗana, ta tofar da ƙwallon, ta ce da zaƙi. Ta miƙa wa ƙanwata ɗaya.

Ban taɓa ganin babba ya yi gudu irin na malamar nan ba. Ta zura yatsa a bakin ƙanwata ta zaro ƙwallon, Allah ya sa ba ta tauna ba. Aka kai ƙanwata asibiti, aka duba, aka sallame mu. Malamar ba ta yi faɗa ba. Ta bayyana cewa tsuntsu haɗiye ƙwallon yake ya fitar da shi yadda yake, amma in mutum ya tauna, zuciya na iya tsayawa. Umma ta fassara, Kaka na kallon ƙasa.

Da muka dawo, Baba ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, nan ba gida ba ne." Ta ce, "Na ji."

Talatar gaba na sa takalmin roba na tsaya a ƙofarta. Ta ce gwiwa. Ta gaba ma gwiwa. Na ce, "Kaka, wace bishiya ce kika ce ana yi wa sallama kafin a sassaƙi ɓawonta?"

"Tambayi malamarku," ta ce. "Ni ƙasar da tsuntsu ma ya yi min ƙarya, me zan koya wa wani?"

Ba ta ƙara ambaton bishiya ba, ko ta nan ko ta gida. Ni kuma yaro ne, ban nace ba. Bayan shekara biyu ta koma gida, can ta rasu.

Yanzu sarin kayan miya nake a Deptford, nan cikin London: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa. Da yatsa biyu nakan gane kukar da aka yi wa haɗi. Amma kwanan baya 'yata, wadda ita ma take zuwa irin wannan daji, ta tambaye ni da Turanci yadda ɗorawa take, sai da na duba waya.

Ga yadda cinikin ya tashi. Ƙanwata na raye da 'ya'yanta, wannan riba ce, alhamdulillahi. Daga abin da ke kan Kaka, sunaye biyar suka rage mini, kuma ko ɗaya ba zan gane ba in aka tsayar da ni a gindinta. Sauran an binne su tare da ita, kuma ba kayan da ake sake sarowa ba ne.