Uwar da Ba a Zana Ba

A gidan hayar da na girma a unguwar Nima, mu kaɗai ne Kiristoci. Ɗakuna goma sha ɗaya, famfo ɗaya, kuma ban taɓa jin bambancin addini ya hana kowa aron gishiri ba. Kakata, Kaka Asibi, daga wajen Bawku ta zo tun tana amarya, kuma har tsufanta tana soya doya a ƙofar gida. Bayan magariba takan sauke kasko ta bar garwashi yana ci a kurfoti. Nan muke taruwa, ni da 'ya'yan maƙwabta, kowa da guntun doyar da ta rage.

Tana da wani littafi na hotuna da katikis ɗin cocinmu, mai koyar da addini, ya ba ta. Kowane shafi an raba shi gida-gida, ga mutane masu dogayen riguna, maganarsu na fitowa daga baki cikin farin da'ira, da Turanci. Kaka ba ta iya karatu ba. Yatsa take ɗorawa a kan hoto, ta ba da labarin da Hausarta ta Zango, wadda ba ta raba mace da namiji.

Labarin da ta fi maimaitawa na wani mutum ne mai 'ya'ya biyu. Ƙaramin ya karɓi rabonsa na gado tun uban yana da rai, ya tafi ƙasa mai nisa, ya lalatar da komai, har ya koma kiwon aladu yana kwana da yunwa. Da wuya ta kai masa wuya sai ya kamo hanyar gida. Uban ya hango shi daga nesa, ya ruga ya rungume shi, aka yanka maraƙi. Babban ɗan kuwa, wanda bai taɓa barin gona ba, ya tsaya a waje cikin fushi, uban ya fito yana lallashinsa.

Amma kafin ta kai ga dawowar, Kaka takan daɗe a wuri ɗaya. "Uwan yaron, kullum ya tafi tasha," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Mota ya tsaya, ya duba fuska ɗaya-ɗaya. Babu. Ya koma gida, ya ajiye masa tuwo."

Ina 'yar shekara tara na fara iya karanta Turanci, kuma kaina ya kumbura. Wata yamma na karɓi littafin, na bi rubutun daga farko har ƙarshe, na ɗaga murya don kowa ya ji.

"Kaka, babu uwa a nan! Babu tasha! Ke kika ƙara."

Yara suka kwashe da dariya. Kaka ba ta yi fushi ba. Ta dubi wutar ta ce, "Lamisi, mai zanen nan a ƙofar gida ya tsaya. Bai leƙa ɗaki ba." Ta rufe littafin, aka watse.

Washegari Mma, mahaifiyata, ta zaunar da ni. Ashe tana da ƙane, Kawu Awini, wanda ban taɓa jin sunansa ba. Tun kafin a haife ni ya sayar da keken ɗinkin mahaifinsu ya bi wata mota zuwa Abijan, ba wasiƙa, ba saƙo. Duk ranar Asabar da Kaka take cewa za ta sayo mai, tashar mota ta Circle take zuwa. Mma ta faɗi wannan fuskarta a ɗaure, domin ita ce ta bar makaranta ta riƙe gidan bayan tafiyarsa.

Kaka ta ci gaba da ba mu labarai, amma wancan ba ta sake buɗe shafinsa ba. Ni kuma kunya ta hana ni ba ta haƙuri har ta rasu ina aji biyu a sakandare.

Shekara huɗu bayan jana'izarta, da tsakar rana, wani mutum ramamme ya yi sallama da 'yar jaka a hannu. Mma tana wanki. Ta ɗago ta dube shi, hannunta ya tsaya cikin kumfa.

"Yaya," ya ce, "ina uwarmu?"

"Ta mutu tana jiranka."

Ya zauna a ƙasa, nan bakin famfo, ya rufe fuska. Maƙwabta suka fito suka yi cirko-cirko. Na tabbata korarsa Mma za ta yi, kuma da ta yi, babu mai ganin laifinta. Ta daɗe a tsaye. Can ta share hannu a zaninta ta ce mini, "Ɗora wa kawunki ruwan wanka." A ɗakinmu ya zauna har ƙarshen ransa, ita ce ta yi jinyarsa.

Yanzu ni nake koyar da yara a cocinmu na Maamobi ranar Lahadi, da sababbin littattafai masu launi. Da ina yarinya na ɗauka labarin na ɗan da ya ɓata ne. Daga baya na gane yawancinmu ba mu ne masu tafiya ba, mu ne waɗanda ake bari da gida da aiki da jira. Idan muka zo hoton babban ɗan a tsaye a waje, yara sukan ce mugu ne. Ba na yarda su wuce shafin da sauri. Nakan ce su dubi fuskarsa da kyau, domin na san abin da mutum yake haɗiyewa kafin ya buɗe wa irin wannan ɗan'uwa ƙofa. Na ga mahaifiyata ta haɗiye shi a tsaye, a gaban dukan gida.