Man Kaɗe a Kan Ƙarfe

Jiya da hantsi matar jikana ta ɗauko wuƙar gyaran kifi, ta ga ta fara tsatsa, sai ta lakato man kaɗe ta hau goga mata. Ina zaune a bakin ɗaki warin ya iso ni. Na ce ta ajiye, ta nemi man gyaɗa. Ta ɗago kamar za ta tambaya, ta ga fuskata, ta fasa. Na san ta je ta ce wa mijinta tsohuwa ta fara rikicewa. Ban rikice ba. Warin man kaɗe a kan tsohon ƙarfe ne ba na so a gidana, kuma zan gaya maka dalili, in kana da haƙurin saurare.

Mu Gungawa ne. A gungu aka haife ni, tsibiri a tsakiyar Kwara, ƙasa da Yelwa, inda yanzu in ka bi ta jirgi ba abin da za ka gani sai ruwa ya haɗe da sama. Albasa muke nomawa a bakin ruwa da rani, gero da dawa a kan tudu. Shekara a wurinmu ruwa biyu ce: farin ruwa mai laka da ke zuwa da damina, da baƙin ruwa mai sanyi da ke biyo baya daga nesa bayan an kai amfani rumbu. Ban yi boko ba, kada ka tambaye ni shekara ta nawa ce. Na dai san ina goyon ƙanena aka ce Turawa sun tafi an ba mu mulkin kai, kuma na fara ɗaura zane a ƙirji lokacin da ake tare kogi a Kainji.

Manya uku ne a gidanmu. Baba, wanda tun yana saurayi ya haye Yelwa ya zauna gaban wani malami, ya dawo da rawani da buta, ya kafa masallacin zana a gungu, shi ne ladan shi ne liman. Sai ƙanensa, Baffa, mai dariya da yawa, wanda ya yi leburanci a wurin ginin madatsa ya dawo da rediyo da surutu. Sai uwarsu, Kaka, wadda goshinta bai taɓa taɓa ƙasa da sunan salla ba har ta koma ga Mahaliccinta.

A ɗakin Kaka, bayan randa, akwai mashin dorina. Baƙin ƙarfe ne mai kunnuwa biyu, ƙotarsa ta sha hannu har ta yi santsi, an ɗaura masa farin wuri, irin na kuɗin da, da wani tsohon zare a wuya. Ta ce na kakan ubanta ne, wanda ya fara sauka a gungun ya kashe dorinar da ke hana mutane zama. Duk shekara in baƙin ruwa ya iso, sai ta fito da shi da sassafe, ta goge shi da man kaɗe tun daga tsini har gindi, ta ɗiga masa farin kunu, ta yi masa magana a harshenmu ƙasa-ƙasa, kamar yadda ake lallashin miji mai fushi. Ta ce tun da mashin nan ya shigo gidan, ruwa bai taɓa cin ɗan gidan ba. Kuma bai taɓa ci ba. Wannan kam kowa a gungu ya shaida.

Baba bai taɓa hana ta ba. Bai kuma taɓa tsallake bakin ƙofar ɗakinta ba. Kullum da safe zai durƙusa a waje ya ce, Inna, an tashi lafiya? Ta amsa daga ciki. Ranar shafa mai kuwa, tun asuba yake ɗaukar jirgi ya tafi duba albasa, ko da albasar ba ta buƙatar dubawa. Haka suka zauna shekara da shekaru, kowa ya san inda idonsa ba zai kai ba.

Sai yaƙi ya ɓarke a kudu, daidai lokacin da ake ce mana mu shirya tashi. Bayan la'asar maza kan taru a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu a kunna rediyon Baffa, ni kuma ina gefe ina ɓare gyaɗa, kunnena a buɗe. Ba wanda ke korar yarinya mai aiki a hannu. A nan na fara jin gardamar da har yau ba a gama ta ba.

Baffa yakan ce wannan sabuwar ƙasa da aka ba mu ba ta da addini, kuma haka ya fi. Ya ce a wurin ginin madatsa ya ga mai salla da mai zuwa coci da mai yanka wa dutse kaza suna jan igiya ɗaya, ba wanda ya tambayi wani. Ya ce gwamnati jirgin fito ce, aikinta ta haye da kowa, ba ta tambayi abin da ke cikin zuciyar fasinja ba. Baba kuma yakan ce jirgin da matuƙinsa bai san akwai ranar hisabi ba, shi ne ke kifewa da mutane, ga shi nan muna ji a rediyo ana kashe juna kamar kiyashi. Ya ce ƙasar da ta ajiye Allah a waje, bindiga ce za ta zauna a gurbinsa.

Wata rana aka ce wata babbar ƙasa can nesa, wadda mutanenta ba su yarda akwai Allah ba sam, ita ce ke kawo wa ɓangarenmu jiragen yaƙi. Baffa ya kashe rediyon, ya juyo yana murmushi.

"To Malam, sai ka aika a mayar musu da kayansu, tunda ba su da alwala."

Kowa ya yi dariya, har Baba sai da ya rufe baki da gefen rawani. Ya ce, kai dai bakinka zai kai ka inda ƙafarka ba za ta iya dawo da kai ba. Kaka tana jin su daga bayan zana. Sau ɗaya kawai na ji ta sa baki. Ta tambaya ko ita wannan gwamnati da ake faɗa tana da uwa. Baffa ya ce a'a. Ta ce, shi ya sa.

Sabon garin da aka gina mana a gaɓa, wajen Warra, ba namu ne mu kaɗai ba. An haɗa gungu da yawa wuri ɗaya, kusa da mutanen tudu, aka gina masallaci guda na siminti. Ana ta maganar wa zai ja salla a cikinsa. Mutanen tudu kuwa kallon rabin Musulmi suke yi mana, suna cewa Bagunge ko ya yi rawani, akwai abin da ya ɓoye a bayan randa. Baba ya fi duk wanda ke wurin karatu, kuma ya san ana kallonsa. Ni ma na sani, don na ga yadda ya wanke rigarsa ta Juma'a ya ajiye domin ranar hayewa.

Ranar ta zo da rana tsaka, zafi kamar a narke. Aka loda tukwane, turmi, kaji, buhunan irin albasa. Kaka ta fito ƙarshe, da mashin a naɗe cikin tabarma, ta rungume shi a tsaye. Tsininsa ya ɗan leƙo ta sama. Na ga Baba ya gani. Na ga ya juya ya hau gyara igiyar akuya da ba ta kwance ba. Haka muka rabu da gungu. Ruwa ya riga ya shiga gonakin ƙasa, yana lasar gindin tsamiya.

A mashigar gaɓa muka tarar da sojoji. An ce ana tsoron abokan gaba su zo su fasa madatsar, saboda haka duk wani makami da ke bakin ruwa sai an karɓe. Ga tuli nan a gefe: bindigogin toka, baka da kwari, takubba, masu. A bayan sojojin kuma, a inuwar wata ɗorawa, dattawan tudu ne da malamansu suka zo taryar baƙi.

Sojan da ya zo kan kayanmu ba yaro ba ne. Yana da tsage a kumatu irin na mutanen da ban sani ba, da ɗan gicciye a wuya, Hausarsa a karye. Ya miƙa hannu da ladabi, Kaka ta ƙi saki, sai Baffa ya lallashe ta. Da ya warware tabarmar, warin man kaɗe ya tashi. Ya dubi farin wurin nan da ke ɗaure a wuyan mashin, ya dubi busasshen kunu a ƙarfen, ya dubi tsohuwa. Na rantse maka ya gane. Mutumin nan ya bar irin wannan a ɗakin tasa kakar.

Ya ce umarnin da aka ba su makami ne. Abin bauta kuwa ba ruwansu da shi, gwamnati ba ta taɓa addinin kowa. In abin bauta ne, mama ta ɗauki kayanta ta wuce. Baffa ya yi caraf ya ce ai na gargajiya ne, na tsohuwa ne. Sojan ya ce ya ji, amma mai gida zai faɗa, don shi za a tambaya in wani abu ya faru. Ya juya ga Baba.

"Malam, wannan na gidanka. Makami ne, ko abin bauta?"

Kalma biyu kawai ake nema. Dattawan tudu sun matso. Na ga gumi yana bin wuyan rigar Juma'ar Baba. Baba bai dubi uwarsa ba, bai dubi malaman ba, ƙarfen yake kallo kamar bai taɓa ganinsa ba, kuma a gaskiya ban san ko ya taɓa ganinsa kusa haka ba.

"Mashi ne. Na sukar dorina."

Sojan bai motsa ba. Ya sake tambaya, a hankali, kamar mai riƙe wa mutum ƙofa. Baba ya ce makami ne.

Sojan bai jefa mashin ba, wannan na riƙe masa. Ya ɗauka da hannu biyu ya kwantar a kan tulin. Kaka ta naɗe tabarmarta babu komai a ciki, ta goge tafin hannunta a zane. Ta dubi ɗanta, ta ce masa a harshenmu, ba da ƙarfi ba:

"Ba ka yi ƙarya ba."

Juma'ar da ta biyo, Baba ne ya ja salla a masallacin siminti.

Kaka ba ta ƙara taɓa ruwan tafkin ba, ko da yatsa. Sai an ɗebo mata na rijiya. Da safe Baba zai durƙusa a ƙofarta ya gaishe ta, ta amsa kamar kullum, ba ta rage ko kalma ba. Da ma ta zage shi, ina jin da ya fi masa sauƙi.

Baffa ya san kogi kamar tafin hannunsa, amma tafki ba kogi ba ne. Yana da iska irin tasa, kuma a ƙarƙashinsa itatuwan garuruwa ne a tsaye, ba ka ganinsu. Baƙin ruwa na biyu bayan tashinmu, yana dawowa daga kasuwar Yelwa da yamma, jirginsa ya hau kan reshe ya tsage. Masunta da suka tsamo shi sun ce daidai kan gungunmu ne. Wasu suka ce tsamiyar ƙofar gidanmu ce. Wannan ban sani ba, ruwa ba ya nuna alama.

Kada ka ce na ce mashin ne. Ina salla biyar, na je Makka na dawo, na san ajali ba ya rataye a jikin ƙarfe. Jirage da yawa sun tsage a tafkin nan, na gidajen da ba su taɓa mallakar mashi ba. Abin da na gani nake faɗa maka. Na ga Baba ya tsaya gaban gawar ƙanensa ya yi kabbara, muryarsa ba ta girgiza ba. Na ga Kaka zaune a ƙofar ɗakinta, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube shi ba sau ɗaya, kuma na ga shi yana jira ta dube shi.

Da yaƙi ya ƙare, Baba ya sa rigar Juma'a ya tafi Yelwa shi kaɗai. Bai gaya wa kowa abin da ya je yi ba, amma wani ɗan garinmu ya gan shi yana bin ofis-ofis yana tambayar inda aka kai kayan da aka karɓa a mashiga. Wani ya ce an kai bariki, wani ya ce maƙera sun mayar da su fartanya. Na daɗe ina tunanin me ya shirya zai ce musu in sun tambaye shi mene ne abin. Ya dawo da ƙullin man kaɗe a ganye, ya ajiye a ƙofar uwarsa. Daga ranar, duk kasuwa sai ya kawo. Takan ce an gode, ta ɗauka ta shiga da shi. Da ta rasu muka shiga gyara ɗakin, muka same su jere a bayan randa, ba wanda aka kwance, sun narke sun daskare sun sake narkewa. Baba ne ya shigo ya gani. Ranar ce farkon shigarsa ɗakinta.

Yanzu jikokina kan zauna da waya a hannu suna gardamar nan dai, wani ya ce a raba addini da mulki, wani ya ce rabawar ce ta jawo mana bala'i. Kowa da tabbacinsa, kamar an yi masa wahayi. Bindiga kuwa yau tana yawo a kan babur, tana shiga gari da rana, ba mai tsayar da ita a mashiga ya tambaye ta ko mece ce. In suka ce, Kaka, ke wa kika bi, sai in ce su tashi su ba ni wuri. Wa zan bi? Gwamnatin da ba ta da addini ita ce ta buɗe wa tsohuwa ƙofa, ɗanta mai addini ya rufe. Ita dai gwamnatin ce kuma ta rufe kaburburanmu da ruwa, na masu salla da na marasa salla, ba ta tambayi kowa ba.

Baba ya ja salla a masallacin nan har idonsa ya mutu, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. A shekarunsa na ƙarshe ni nake shafa masa mai a ƙafa saboda faso. Wata rana na kawo man kaɗe, don shi ne a kusa. Bai gani ba, amma ya ji. Ya janye ƙafarsa a hankali, ya juya fuskarsa wajen ƙofa, ya ce, Inna, an tashi lafiya?

Ya daɗe yana saurare.