Ledar da Ke Cikin Jakar Mama

Shekarar da Mama ta zo wurina a unguwar Parkchester ta birnin New York daga Kaduna, ciwon gwiwa ya hana ta sakat. Wata abokiyar aikina a asibiti ta ba ni labarin wani tsohon gari a bakin tafki, can arewa da birnin, inda aka daɗe ana zuwa jiƙa jiki a ruwan ɗumi na maɓuɓɓuga. Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa.

Garin tsit yake, sai tsofaffin Turawa da ke yawo cikin fararen rigunan wanka. A gidan wankan aka miƙo mana takardar tambayoyi da Turanci. Ni ce tafinta.

"Mama, suna tambaya ko kina da hawan jini. Ruwan zafi yana kayar da mai shi."

"Lafiyata ƙalau," in ji ta.

Ni nas ce, na kuma san mutanenmu: ko a gadon asibiti ka tambaye su, lafiya lau za su ce. Duk da haka na rubuta babu, na sa hannu. Ma'aikaciya ta kai ta ɗaki ita kaɗai, ta rufo ƙofa.

Ina zaune a benci, na buɗe jakarta in ɗauko ruwan sha, sai na ci karo da ƙullin leda. Ƙwayoyin hawan jini ne, iri biyu, an sha rabi.

Na ruga na buga ƙofa. Shiru. Na sake bugawa ina ƙwala mata kira. Ma'aikaciyar ta tsaya laluben makulli, ni kuwa ina tunanin da wane baki zan gaya wa yayana cewa ni da kaina na sa hannu.

Ƙofa ta buɗe. Mama na zaune a gefen baho da ɗaurin ƙirji, tana ɗiban ruwa da kofi tana zuba wa gwiwa. Ƙarar famfo ce ta hana ta ji na.

"Wa zai kwanta cikin ruwan dauɗarsa?" ta ce.

Na ɗaga ledar. "Tun yaushe?"

"Shekara uku."

"Mama, duk Lahadi ina kiranki! Ko sau ɗaya ba ki faɗa ba!"

Ta sake cika kofin. "Ni ma duk Lahadi ina tambayarki ya aiki, ki ce lafiya lau. Na zo na tarar ba kya barci, duk kin rame. Na ce miki wani abu?"

Na zauna kusa da ita, na karɓi kofin.